Tsakanin Kwalta Da Burji: Wace Taya Ta Dace Da A-Kori-Kura A Lafiya?

Duk wanda ya yi sammako ya tsaya a bakin titin Jos ko na Makurɗi a cikin garin Lafiya, zai ga irin motocin nan masu buɗaɗɗen baya waɗanda ake kira a-kori-kura suna ta kai da kawo. Wata ta ɗauko ma'aikaci za ta kai shi ofis, wata ta fito daga ƙauye an jera mata doya har ta ɗara kan direba, wata kuwa ta haɗa duka biyun, watau daga Litinin zuwa Juma'a motar zuwa aiki ce, Asabar da Lahadi kuma ta koma jakin gona. Mai irin wannan ta ukun shi ne ya fi kowa shiga tsaka-mai-wuya ran da tayoyinsa suka suɗe, domin tilas ya nemi taya guda wadda za ta yi masa aikin hanya biyu da ba su yi kama da juna ba.

Maganar ba ƙarama ba ce. Mota komai ƙarfin injinta, komai kyan birkinta, abin da ke taɓa ƙasa a jikinta wurare huɗu ne kawai, kowanne bai fi faɗin tafin hannun babban mutum da yawa ba. A kan waɗannan wurare huɗu ran direba da na fasinja suke, da dukiyar da aka ɗauko, da kuma albashin watanni da aka tara aka sayi tayoyin. Wanda ya yi zaɓen tumun dare, ko dai ya kafe a taɓo da kaya a hanyar gona, ko kuwa ya riƙa ƙona mai a banza kullum a kan kwalta, in ma abin bai kai ga fashewar taya ana cikin gudu ba.

Garin Da Hanyoyi Suka Haɗu

Lafiya tsohon gari ne wanda Barebari suka kafa ƙarƙashin jagorancin Muhammadu Dunama, shi ya sa har gobe ake ce da shi Lafiyan Barebari. Hanyar jirgin ƙasa ta gabas, wadda ta taso daga Fatakwal ta bi ta Makurɗi zuwa Kafanchan, ta ratsa ta garin tun cikin shekarun 1920, ta mai da shi matattarar amfanin gona. Sa'ad da aka cire Jihar Nasarawa daga Jihar Filato ran 1 ga Oktoba, 1996, sai Lafiya ta zama hedkwata. Daga nan ma'aikatu da makarantu suka yawaita, har da Jami'ar Tarayya, ma'aikata kuma suka ƙaru, da yawa daga cikinsu kuwa ba su saki fartanya ba.

Ta fuskar kudu da arewa garin ya dace da hanya. Titin da ya taso daga Keffi ya bi ta Akwanga da Lafiya ya dire Makurɗi, mai tsawon fiye da kilomita 200, an mai da shi tagwaye, har an fara karɓar kuɗin bin hanya a kansa a shekarar 2025. A kan irin wannan titi mota tana samun sarari ta yi gudu na dogon lokaci, gudu kuwa shi ke sa taya ta ɗauki zafi. A tsakanin Akwanga da Nasarawa Eggon kuma akwai hawa da gangaren dutsen nan da ya daɗe da yin ƙaurin suna wajen haɗari, har direbobi suka raɗa masa wani suna da Turanci mai ma'anar "da yawa sun tafi".

Amma da zarar an saki manyan titunan da suka nufi Doma, ko Obi da Awe da Keana, ko Asakiyo ta hanyar Shendam, aka karkata zuwa ƙauyuka da gonaki, sai labari ya sha bamban. A nan burji ne da jar ƙasa, da yashi a bakin rafuka, da baƙar laka a fadamu, ga kututture da tsinin marmara. Damina a wannan yanki doguwa ce, takan kama tun daga Afrilu har Oktoba. Abin da ya ƙara tsananta al'amarin shi ne, sabuwar doya takan fara fitowa ne daidai lokacin da hanyoyin suka fi lalacewa, wajen Agusta da Satumba. Manomin da ya haƙe doya ya rasa motar da za ta kai masa ita kasuwar Agyaragu ko ta Lafiya, ya san abin da ake kira asara.

Daga Fijo Zuwa Hilux

A shekarun 1970 da 1980 mai a-kori-kura bai sha wahalar zaɓe kamar na yanzu ba. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, a-kori-kurar Fijo 404 da 504 kuwa su ne suka yi ta jigilar buhuna daga ƙauyukan Arewa. Tayoyin ma a gida ake yin su, domin Michelin na da masana'anta a Fatakwal, Dunlop kuma a Ikeja ta Jihar Ikko. Ƙarancin wutar lantarki da tsadar aiki da kwararowar tayoyin waje suka haɗu suka durƙusar da su; Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta daina yin taya a 2008. Tun daga lokacin mafi yawan tayoyin mota daga waje ake kawo su, musamman daga Sin da Tailan da Indunusiya da Indiya da Japan, alhali kuwa ana noman roba a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba.

Ma'anar wannan ita ce farashin taya ya rataya a wuyan canjin dala. Da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, sa'an nan ta saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yuni na shekarar, sai mai mota ya sha duka biyu a lokaci guda: taya ta yi tsada, man da taya mai nauyi ke ƙara ci shi ma ya yi tsada. A yau Toyota Hilux da 'yan'uwanta irin su Mitsubishi L200 da Ford Ranger su suka gaji Fijo, tayoyinsu kuwa sun fi na Fijo girma da kuɗi nesa ba kusa ba.

Iri Uku

Tayoyin irin waɗannan motoci sun kasu kashi uku, ana kuwa gane su da haruffan da ke jikinsu da kuma yanayin haƙoransu.

Ta farko ita ce mai alamar H/T, tayar kwalta. Zanenta ƙanana ne a matse, da layuka dogaye da suka zagaye ta domin korar ruwa. Ba ta da ƙara, ba ta cin mai da yawa, ta kuma fi sauran kama birki a kan jiƙaƙƙen titi. Rauninta shi ne taɓo. Da ta shiga laka sai zanen ya cike, ta koma sumul kamar sabulu, ta yi ta juyawa wuri guda.

Ta biyu ita ce mai alamar M/T, tayar taɓo. Haƙoranta manya ne da rata mai faɗi a tsakaninsu, yadda in tana juyawa take watsar da laka ta sake cizon ƙasa. A fadama babu kamarta. A kan kwalta kuwa sai ta zama ƙarfen ƙafa: ga gunji kamar jirgi zai tashi, ga shan mai, ga saurin cinyewa, in an yi ruwa kuma santsi take yi, saboda robar da ke taɓa titi kaɗan ce.

Ta uku ita ce mai alamar A/T, wadda aka yi domin ta bi kowace irin hanya. Haƙoranta sun fi na tayar kwalta girma da zurfi, ba su kai na tayar taɓo ba, kafaɗunta da gefenta kuma galibi an ƙara musu kauri saboda duwatsu. Kamfanin BFGoodrich na Amurka ne ya yi suna da ita tun 1976, daga baya kusan kowane kamfani ya fito da tasa. A kan burji da tsakuwa da yashi da taɓon da bai yi zurfi ba tana aiki sosai, a kan kwalta kuma ba ta da laifi.

Sai dai taura biyu ba ta taunuwa. Tayar A/T sulhu ce aka yi tsakanin hanya biyu, kowa kuwa ya san sulhu sai da rangwame. Ta fi tayar kwalta nauyi da ƙara da cin mai, kuma galibi takan ɗauki tazara mai ɗan tsawo kafin ta tsaya a jiƙaƙƙiyar kwalta. A cikin baƙar laka mai danƙo ita ma cikewa take yi. Har ila yau, su kansu tayoyin A/T ba ɗaya suke ba. Akwai masu zane a matse da suka karkata ga kwalta, akwai masu manyan haƙora da suka kusa zama tayar taɓo. Na biyun sun fi ɗaukar ido a shago, amma mai zuwa aiki kullum na farkon ne nasa.

A Yi Lissafi Kafin A Shiga Kasuwa

Mutane da yawa suna sayen taya ne saboda hanyar da ta fi ba su tsoro, ba hanyar da suka fi bi ba. Alal misali, a ɗauka ga ma'aikaci da ke tafiyar kilomita 25 zuwa wurin aiki, ya dawo 25, duk a kan kwalta. A kwana 22 na aiki ya ci kilomita 1,100, a shekara kuwa 13,200. A ɗauka kuma kowace Asabar yana zuwa gona, inda yake bin burji kilomita 20 zuwa da dawowa. A shekara wannan ya kama kilomita 1,040. Watau burjin bai kai kashi 10 cikin 100 na tafiyarsa ba. In irin wannan mutum ya sa tayar taɓo, ya ɗauki wahalar kwana biyar ke nan domin jin daɗin rabin yini.

Saboda haka tambaya uku ce ya kamata ya yi wa kansa. Kashi nawa na tafiyar ne a wajen kwalta? Shin tilas ne a bi wannan hanya da damina, ko ana iya jira ƙasa ta tsane? Wane irin kaya ake ɗauka? Wanda gonarsa ke bakin titi, ko wanda sai da rani yake shiga daji, tayar kwalta mai ƙarfin ɗaukar kaya ta ishe shi. Wanda kowane mako sai ya bi burji rani da damina, kamar malamin gona, ko ma'aikacin asibitin karkara, ko mai sayen riɗi da agushi ƙauye-ƙauye, shi ne A/T ta dace da shi. Tayar taɓo kuwa ta wanda aikinsa kacokan a fadama yake ce, irin masu hidimar gonakin shinkafa na wajen Rukubi da bakin Binuwai.

Wajibi ne kuma a tuna cewa taya ba ta mai da mota abin da ba ita ba. A-kori-kurar da ƙafafun baya kaɗai ke ja, in babu kaya bayanta sakayau yake, ko da wace taya tana iya kafewa. 'Yan buhuna a kan ƙafar baya sukan taimaka. Mai jan ƙafa huɗu kuma, irin wadda direba ke sa giyar da hannunsa, ba a barin ta cikin wannan giya a kan busasshiyar kwalta, domin hakan na cin taya yana wahalar da ƙarafan ƙarƙashi.

Rubutun Da Ke Jikin Taya

Kowace taya tana ɗauke da takardar shaidarta a gefenta, wanda ya iya karantawa kuwa da wuya a cuce shi. A ɗauki wannan misali da ake yawan gani a Hilux: 265/65 R17 112T. Lamba 265 faɗin taya ne da milimita. Lamba 65 tana nufin tsayin gefen taya kashi 65 cikin 100 ne na faɗin. Harafin R yana nuna ƙirar radiyal ce, wadda Michelin ya ƙago a Faransa a 1946. Lamba 17 kuwa faɗin ƙarfen da ake sa tayar ne da inci.

Abin da aka fi yin sakaci da shi shi ne na ƙarshen. Lamba 112 tana nufin taya guda na iya ɗaukar kilo 1,120. Da 100 ce, da kilo 800 ne, 104 kilo 900, 108 kuwa kilo 1,000. Harafin da ke biye shi ne iyakar gudu: Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190, H 210. Ƙa'ida ita ce kada a sa tayar da lambar ɗaukar kayanta ta gaza wadda masu ƙera motar suka rubuta a 'yar takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko a littafin mota. Masu yawan lodi sukan nemi mai alamar LT ko C, ko mai rubutun 8PR ko 10PR, waɗanda jikinsu ya fi ƙwari. Amma wanda galibi fanko yake tafiya, in ya sa 10PR sai motar ta riƙa tsalle tana dukan bayansa, ga ƙarin nauyi.

Akwai kuma masu sha'awar sa taya wadda ta fi ta asali girma domin mota ta ɗaga. Wanda ya bar 265/65 R17 ya koma 265/70 R17 ya ƙara wa tayar tsayi wajen milimita 26, watau fiye da kashi 3 cikin 100. Sa'ad da allurar gudu ta nuna masa 100, a zahiri yana kan 103 ne da ɗoriya. In girman ya wuce haka, taya takan gogi jikin mota a kwana, inji ya ji nauyi wajen hawa, birki kuma ya ragu. Garin neman gira kada a rasa ido.

Shekarun Taya Da Maganar Gwanjo

Roba tana tsufa ko ana amfani da ita ko tana ajiye. A gefen taya akwai layin rubutu da ya fara da DOT, a ƙarshensa kuma akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2523 na nufin mako na 25 na shekarar 2023. Wannan tsari ya fara ne a shekarar 2000, saboda haka duk tayar da aka ga lambobi uku a wurin, ta ƙarnin da ya shige ce. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin cewa a ƙasar nan kada a wuce shekara 4 daga ranar da aka yi taya. Kamfanin Michelin kuwa shawararsa ita ce bayan shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa kowace shekara, kada kuma ta wuce 10 ko da kyanta. Bambancin ba abin mamaki ba ne in aka dubi zafin bazarar Lafiya, da ramuka, da irin lodin da ake yi.

Araha dai ba ta ado. Tayar gwanjo, wadda wasu ke kira tokumbo, tana cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta haramta shigowa da su, in ban da wasu manyan tayoyin gingimari, amma duk da haka kasuwanni cike suke da ita. Haɗarinta shi ne ido ba ya ganin cikinta. Wata ta taɓa dukan rami wayoyinta sun tsinke, wata an sake yanka mata zane da wuƙa, wata kuma tayar hunturu ce daga Turai, wadda aka haɗa robarta da laushi domin sanyin da ya gaza maki 7, sai ga ta a kan kwaltar watan Maris. Ko sabuwar ma sai an lura, domin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta sha kama tayoyin da aka cusa wata cikin wata a kwantena don rage kuɗin dako, abin da ke lanƙwasa wayar bakin taya. Mai saye ya duba baki da ciki, ya shafa gefe, in ya ga kumburi ko tsattsagewa ko karkacewa ya ajiye ta.

A cikin ramukan zanen kowace taya akwai wasu 'yan tudu da aka sa domin alama. In zane ya cinye har ya daidaita da su, saura milimita 1.6 ke nan, tayar ta gama aiki. Ga mai shiga taɓo kuwa, tun kafin a kai nan A/T ta daina amsa sunanta.

Iska Da Lodi

Taya mai tsada da iskar da ba daidai ba, ba ta fi ta banza ba. Iska ce ke ɗauke da kaya, roba riƙe ta kawai take yi. In ta yi kaɗan, gefen taya ya riƙa lanƙwashewa yana miƙewa, ya yi zafi, har wata rana ya fashe; in ta yi yawa, tsakiya ta cinye, riƙon hanya ya ragu. Adadin da ya dace yana jikin ƙofar direba, galibi kashi biyu, na mota fanko da na mota da kaya. Lambar da ke jikin taya iyaka ce, ba ita ake bi ba. Da safe ake awo kafin mota ta yi tafiya, ba a kuma sace iskar taya mai zafi don an ga ta hau. Da yake gejin masu faci na bakin titi ba duka ke faɗin gaskiya ba, mallakar ƙaramin geji a aljihun mota ya fi bugun taya da ƙafa. Wanda ya rage iska domin ƙetare yashi, lalle ya mayar da ita kafin ya hau kwalta ya sa gudu.

Game da lodi, yawancin waɗannan motoci abin da aka yi su su ɗauka bai wuce wajen tan 1 ba, har da mutanen da ke ciki. Buhu 15 masu kilo 100 tan ɗaya da rabi ne, kuma kusan dukan nauyin a kan tayoyin baya biyu yake sauka. Babu harafin da ke jikin taya da zai ceci mai irin wannan lodi a gangaren Eggon.

Sauran abubuwan kiyayewa kaɗan ne. A riƙa sauya wa tayoyi wuri bayan kowane kilomita 8,000 zuwa 10,000, domin haƙoran A/T suna saurin cinyewa a karkace. A kai mota saitin ƙafa in sitiyari ya fara ja gefe guda. Kada a haɗa iri biyu a ƙafafun gaba ko na baya, mai jan ƙafa huɗu kuwa gara duka su zama iri ɗaya, girma ɗaya. Wanda ƙarfinsa bai wuce guda biyu ba, shawarar masu yin taya ita ce ya sa sababbin a baya, domin in bayan mota ya zame a ruwa ya fi wuyar tarowa. Safaya ma a duba iskarta da shekarunta, da jak da sifana, tun ana gida; ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga ma'aikacin Lafiya mai gona a bayan gari, wanda kwana biyar yake kan kwalta, kwana ɗaya a burji rani da damina, abin da ya fi dacewa shi ne A/T mai zane a matse, daidai girman da motar ta zo da shi, mai lambar ɗaukar kaya da ba ta gaza ta asali ba, sabuwa kuma wadda ba ta daɗe a ajiye ba. Lokacin sayenta kuwa shi ne Maris, kafin ruwan farko ya sauka, ba Agusta ba, sa'ad da doya ke jira a gona, mota kuma tana kan dutse a wurin mai faci.